Idan Gilashin Aboabo Ya Fara Magana, Da Wane Harshe Zai Yi?

A hutun ƙarshen zangon karatun da ya wuce na sauka a Kumasi, wajen dangin mahaifiyata da ke Aboabo. Wata rana bayan sallar La'asar ina zaune a kan benci a ƙofar shagon wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda yake sayar da wayoyin hannu da tarkacensu, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, kalli wannan." Bidiyo ne wani dillali ya turo masa daga ƙasar Sin. An nuna gaban wani kanti da aka yi da gilashi tun daga ƙasa har sama. A jikin gilashin hoton waya yana juyawa, rubutu yana tafiya cikin launuka iri-iri, amma duk da haka mai kallo yana hangen kayan da aka jera a ciki, har da mutanen da ke kai da kawowa. Sai mutum ya rantse a iska aka rataye rubutun.

Ashe ya kama sabon shago ne a wani bene da ke bakin babban titi, gabansa duk gilashi, yana tunanin sayo irin wannan allo. Bai nemi shawarata a kan farashi ko inganci ba, don ya san ba gonata ba ce. So yake in gyara masa Turancin da zai riƙa gudana a jikin gilashin. Na gyara, sa'an nan na ce masa, "To, Hausa fa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai Hausa na baki ne."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Ɗalibin Hausa zai fara lura da cewa a Daidaitacciyar Hausa "ta baki ce" za a ce, domin karin harshen zango ba ya kula da bambancin jinsi kamar yadda na Kano yake yi. Amma ba wannan ya tsaya mini ba. A bakin ƙanena, kamar yawancin matasan zangon Kumasi, sautin ƙ da na k sun zama ɗaya. Kalmar "baki" da kalmar "baƙi", jam'in baƙo, tsawon wasalinsu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, hamzantawar nan kaɗai ta raba su. Saboda haka ana iya jin maganarsa ta fuska biyu: Hausa harshe ne na faɗa da baki, ko kuwa Hausa harshe ne na baƙi. Ta farko ya nufa. Ni kuwa ina ganin ta biyun ce take riƙe da ta farkon, kuma ra'ayina shi ne wannan sabon allo ya kawar da uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi wajen hana Hausa hawa bango a Aboabo. In har ba ta hau ba yanzu, to ba rashin wuri ba ne.

Ya kamata mu fara fahimtar abin da ake magana a kansa. Allon an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyin fitila da ake kira LED, irin waɗanda ke cikin cocilan da fitilun gida na zamani. A shekarar 1962 wani injiniya Ba'amurke mai suna Nick Holonyak ya samar da ƙwayar da ke ba da jan haske. Shuɗin haske mai ƙarfi kuwa ya yi gardama har zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka shawo kansa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da aka samu ja da kore da shuɗi, sai ya zama ana iya haɗa kowane launi, daga nan manyan allunan talla masu motsi suka bazu a biranen duniya. Waɗancan alluna toshe suke, abin da ke bayansu ya ɓace. Wanda ƙanena ya gani kuwa an jera ƙwayoyin ne a kan siraran sanduna, an bar tazara tsakanin kowace sanda da 'yar'uwarta, ko kuma an dasa su a cikin wata fatar roba garau da ake mannawa a gilashi. Hasken rana yana shiga shago ta tsakanin sandunan, na ciki yana ganin waje, na waje yana ganin hoto da kayan da ke bayansa. Akasarin masana'antun da ke ƙera shi a birnin Shenzhen suke. Akwai wani abu guda da ya kamata mai rubutu ya sani: a wannan allo babu launin baƙi. Inda aka so baƙi, fitilar ce kawai take mutuwa, sai ido ya wuce ya ga abin da ke ciki. Wato rubutun ba shi da takardar da zai kwanta a kai.

Yanzu mu dubi bangon Aboabo kamar yadda yake. Duk wanda ya bi babban titin da ya taso daga Anloga ya nufi shataletalen filin jirgi, ya kutsa cikin lunguna, abin da kunnensa zai ji dabam, abin da idonsa zai gani dabam. Kunne Hausa yake ji: a wajen mai koko, a gareji, a tasha, a ƙofar masallaci, tsakanin Bamoshe da Badagombe, tsakanin Bazabarme da Kotokoli da Bawangare, waɗanda Hausa ce ta haɗa su ba asali ba. Ido kuwa Turanci yake gani, sai Larabci a jikin makarantu da masallatai, sai ɗan abin da ba a rasa ba na Twi a bayan motoci. Ko allunan lantarkin nan da ke nuna lokutan salla, waɗanda na gani da Larabci da Turanci suke, alhali kowa a sahu Asuba da Azahar da La'asar da Magariba da Lisha yake faɗa. Manazarta walwalar harshe sun daɗe da mayar da hankali a kan wannan. A 1997 Rodrigue Landry da Richard Bourhis suka fitar da nazarinsu a kan masu jin Faransanci a Kanada, inda suka nuna cewa harshen da mutum ke gani a allunan tituna da na kantuna yana shafar yadda yake auna ƙarfin al'ummarsa. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin harshen gidansu a rubuce a wani wuri mai daraja ba, ba sai an gaya masa matsayin harshen ba. Bango ya riga ya karantar da shi.

Abin ban sha'awa shi ne, kalmomin Hausa suna nan a allunan Gana ko'ina, sai dai cikin rigar wasu. Abincin da ake rubutawa "waakye" daga wake ya samo suna. "Koose" ƙosai ne. Tuwon zafi ya koma "tuo zaafi", har an taƙaita shi zuwa haruffa biyu. Kalmar "zongo" kanta zango ce, inda ayari ke sauke kaya. Ba na cikin masu cewa a je a gyara wa mai sayar da waakye allonta. Wannan kalma ta zama ta Gana gaba ɗaya, ta yi aure ta tare a gidan miji, ba mai dawo da ita. Na kawo ta ne don a ga cewa kalmar Hausa tana hawa allo idan wani harshe ya are ta ya rubuta da ƙa'idarsa, amma jimlar Hausa cikakkiya, wadda mai ita ya rubuta don ɗan'uwansa ya karanta, ita ce ba a gani.

Ba kuwa don ba a taɓa rubuta Hausa a wannan ƙasa ba. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja neman goro, kuma Turawan da suka ziyarci fadar Asantehene a 1817 da 1820 sun tarar da malamai Musulmi masu rubutu a Kumasi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa 'yan kasuwa da malamai zuwa garuruwa dabam-dabam, kuma bayan Ingilishi sun mamaye Kumasi a 1896 zangonta ya cika ya batse. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da rubutun zube na Hausa cikin ajami waɗanda har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Ke nan rubutun Hausa ya girmi ƙasar Gana ta yau.

To me ya faru? Dalili na farko makaranta ce. Harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauki nauyin rubuta su da koyar da su guda goma sha ɗaya ne, akwai Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja da sauransu, babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Yaron Aboabo yakan koyi rubuta Turanci da Twi a boko, ya koyi Larabci a makarantar allo ko ta Islamiyya, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake rubuta abin da yake faɗa wa mahaifiyarsa. Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma fahimtata ce, ba hukuncin da wani ya yanke ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardun zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka tattara suka tafi, ciki har da waɗanda a nan aka haife su. Tsofaffin gidanmu har yau in an taɓo zancen sai murya ta yi ƙasa. Al'ummar da ta ga haka takan koyi sassauta kanta. Magana da baki iska ce, ta wuce ta wuce. Rubutu a bango kuwa shaida ne cewa ga mu nan, kuma nan ne gidanmu. Jikokin waɗanda suka zauna 'yan ƙasa ne cikakku, suna zaɓe ana zaɓensu, ɗan majalisar mazaɓar Asawase ma, Muntaka Mubarak, ya kai matsayin minista. Amma ɗabi'ar ɓoye harshe daga bango ta saura, har ta koma kamar haka Allah ya yi ta. Shi ya sa na ce maganar ƙanena tana da fuska biyu.

Da can in ka tambayi mai shago, uzurinsa a shirye yake: allo ɗaya ne, fenti kuɗi ne, dole a zaɓi harshen da kowa zai karanta. Uzuri ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Allon lantarki ya rushe shi. Saƙo yana sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, ana iya sa Turanci ya wuce, Twi ya biyo, Hausa ta biyo, ba a ƙara ko kwabo ba. Ana iya sauya shi daga waya, da safe wani, da yamma wani, ranar Juma'a wani, da azumi wani. Kuma 'yan kasuwa sun riga sun san Hausa tana sayar da kaya, domin da ita suke biyan kuɗin talla a gidajen rediyon Kumasi irin su Zuria FM. Matasan ma suna rubuta ta kullum a WhatsApp da Facebook, kowa da irin ƙa'idarsa. Masu karatu suna nan. Masu rubutu ne ba su fito ba.

A nan ne aikin ɗalibin Hausa yake, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin akwai matsalar da ba za a gane ta ba sai an haɗa sanin na'urar da sanin ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi tashe bayan fitowarta a 1939, kuma tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 ba su ture su ba. Suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, don haka kowace kwamfuta tana iya sanin su. Sai dai sani dabam, nunawa dabam. In zubin haruffan da aka ɗora wa manhajar allon ba shi da ƙ, akwati ko alamar tambaya za a gani a gurbinta. Mai shago kuwa ba zai tsaya bincike ba, k zai sa ya wuce.

Ko an samu harafin, da sauran rina a kaba. Ɗaya daga cikin samfuran da aka fi sayarwa yana da tazarar milimita 3.91 tsakanin ɗigo da ɗigo a kwance, da milimita 7.82 tsakanin sanda da sanda a tsaye. Wato a faɗin mita ɗaya akwai ɗigo 256, a tsawon mita ɗaya kuwa layi 128 kacal. Harafin da tsawonsa ya kai santimita 10 layi goma sha uku zai samu, ƙugiyar da ke kansa ba za ta wuce layi biyu ko uku ba. Ga shi babu takarda a bayanta, sai kwalaye da fitilun cikin shago. Daga tsallaken titi, da rana tsaka, wannan ƙugiya ita ce farkon abin da zai narke. Sai "masaukin baƙi" ya koma "masaukin baki", "kayan ƙasa" ya koma "kayan kasa", "an ƙare" ya koma "an kare", mai maganin gargajiya ya tallata maganin ɓari mutane su karanta maganin bari. Magani a nan ba wuya gare shi ba: a zaɓi zubin haruffa mai kauri, a ƙara girman rubutu, a rage yawan kalmomi, a tsaya a tsallaken titi a gwada kafin a saki. Amma wanda bai san ƙugiyar tana ɗauke da ma'ana ba, ba zai san akwai abin gwadawa ba. Haka batun yake ga ajami, in an so a yi wa dattawa rubutu da shi, domin ɗigo da wasali su ne ransa.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a Aboabo ɗin: mutanen da ba sa furta ƙ, mene ne nasu na rubuta ta? Amsata ita ce, mai magana yana da fuska da hannu da murya da za su taya shi, mai sauraro kuma yana iya cewa "me ka ce?" Rubutun da ke wucewa a gilashi cikin daƙiƙa biyar ba shi da mataimaki. Ban da haka, ba 'yan unguwa kaɗai ke karantawa ba. Kumasi mahaɗa ce, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya suna shigowa kullum. Kuma yaron da ya saba ganin ƙ a titi, ranar da ya ɗauki littafin da aka buga a Zariya ko Kano ba zai ga baƙon abu ba. Maƙwabtanmu masu Twi suna da irin wannan matsala da haruffansu ɛ da ɔ, har matasansu kan sa lamba 3 da baka a gurbinsu a saƙon waya, amma ba su ce a soke su daga littafi ba.

Duk da haka, kada a fahimce ni a kan cewa a kwaso Hausar Kano a juye wa mutanen Aboabo. Wannan kuskure ne da mu malaman jami'a muka fi kowa saurin faɗawa ciki. Ƙa'idar rubutu abu ɗaya ce, karin harshe abu ne dabam. Basakkwace yana rubuta Sakkwatanci da haruffan da kowa ya sani, ba a ce ya daina zama Basakkwace ba. Talla kuwa hira ce da mai saye. In ta zo da kalmomin da ba a ji a unguwa, za a karanta ta kamar sanarwar hukuma, a wuce. Saboda haka kalma da salon magana su zama na zango, haruffa da rabon kalmomi su bi ƙa'ida. Akwai ma wata sa'a da aka yi. Mutanen zango sukan ganɗanta ky da gy, su ce "cau" maimakon kyau, "jara" maimakon gyara. A rubutun Twi kuma, ky da gy kusan waɗannan sautuka suke wakilta, kamar yadda ake gani a "waakye". Ke nan in an rubuta "kyau" da "gyara" bisa ƙa'ida, ɗan Kumasi zai karanta da furucinsa, Bakano ya karanta da nasa, ba wanda aka zalunta. Inda gizo ke saƙa shi ne harafin c. Wanda ya koyi karatu da Turanci in ya ga "ciki" sai ya yi turus, shi ya sa matasa ke rubuta "chiki". A nan babu dabara, sai sabo. Batun jinsi kuwa, ko a rubuta "waya ta lalace" ko "waya ya lalace", na fi karkata ga a bar mai shago da abin da bakinsa ya saba in muryarsa ake kwaikwayo, a bi daidaitacciya in sanarwar banki ce ko ta asibiti. Na san wasu abokan aikina ba za su yarda da ni ba a kan wannan.

Sai sunan abin. Wani ɗalibina ya kawo "allon gani-har-hanji", amma wannan ya fi dacewa da na'urar asibiti, kuma yana da ɗan ƙyanƙyami a wajen mai sayar da abinci. "Allo mai shara-shara" ya fi kusa, tunda haka muke cewa ga mayafin da ake hangen abin da ke bayansa. Ni dai da na ga yadda aka jera sandunan, asabari ya faɗo mini a rai, wanda iyayenmu ke ratayewa a ƙofar ɗaki: siraran tsinkaye a jere, iska da haske suna ratsawa, na ciki yana ganin tsakar gida. Don haka nake ba da shawarar "asabarin lantarki". Ban ɗora wa shawarar buri mai yawa ba. Mun ga yadda "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta sha fama da "kwamfuta", da yadda "wayar tafi-da-gidanka" ta koma "waya" kawai, ko da yake "yanar gizo" ta yi rai. Kalmar da ta fi kowace cin kasuwa a Gana a 'yan shekarun nan ba daga jami'a ta fito ba. "Dumsor" ce, haɗin kalmomin Twi biyu masu nufin kashe da kunna, wadda jama'a suka laƙaba wa ɗaukewar wutar da ta addabi ƙasar daga wajen 2012 zuwa 2016. Wataƙila kasuwa "sikirin" za ta ce, mu bi ta.

Tunda an ambaci wuta, bari in faɗi gaskiya a kan allon kansa, kada a ɗauka talla nake yi masa. Yawancin shagunan Aboabo kwantena ne da ƙofofin ƙarfe, asabarin lantarki kuwa ba shi da amfani inda babu gilashi da abin nunawa a bayansa. Yana da tsada, da dala ake sayo shi a sayar da kaya da sidi, yana shan wuta musamman da rana in ana so ya rinjayi hasken rana, ƙurar hunturu tana shiga tsakanin sandunan, gyaransa kuma sai wanda ya iya. A unguwar da shago da ɗakin kwana suke fuskantar juna, hasken da ke walƙiya da tsakar dare cutar da maƙwabci ne, kuma ya kamata majalisar Asokore Mampong ta yi tunanin lokacin rage shi tun abin bai yawaita ba. Birnin Sao Paulo na Brazil sai da ya kai ga yin dokar cire allunan talla a 2006. Ga kuma masu rubutun fenti, waɗanda injin buga leda ya riga ya rage musu ciniki.

Wannan tsada ce ma ta sa nake ganin lamarin da gaggawa. Waɗanda za su fara kafa irin wannan allo ba ƙananan 'yan kasuwa ba ne. Bankuna ne da kamfanonin sadarwa da manyan kantunan magani, sai 'yan siyasa in zaɓen 2028 ya ƙarato. Saƙonsu daga ofisoshin Accra ake tsara shi. Ranar da suka ga dama su sa Hausa, ko dai su miƙa wa manhajar fassara, ko su kira wani ma'aikaci da aka ce "yana ji" ya rubuta yadda ya ga dama. Abin da ya fara fitowa cikin haske a saman bene shi yara za su ɗauka daidai ne, gyara shi daga baya kuwa ya fi kafa shi wuya. Ɗalibin da ya iya ƙa'idojin rubutu, ya san karin harshen wurin, ya kuma iya matse ma'ana cikin kalma biyar, yana da sana'a a hannunsa da bai sani ba. Muna koyar da ku fassara da nazarin salon talla a aji, muna ba ku maki, amma ba mu cika ce muku ku je ku ƙwanƙwasa ƙofar masu buga alluna ba. Wanda yake neman batun kundin digiri, ga shi a arha: ya zaɓi titi ɗaya a Aboabo, ko Nima a Accra, ko Sabon Gari a Kano, ya ɗauki hoton kowane allo, ya ƙirga harsunan da ke ciki, ya lura da wanda aka sa a sama da wanda aka sa a ƙasa, ya tambayi masu shagunan dalilinsu.

Kafin in baro Kumasi na rubuta wa ƙanena layi uku: "Ana gyara waya nan take. Akwai sabuwa, akwai tsohuwa. Maraba da baƙi." Ya karanta a hankali, yana bin haruffan da yatsa, ya ce, "Yaya, cire na tsakiyan nan, kar a ce tsohuwa nake sayarwa." Na cire, don ya fi ni sanin masu sayensa. Muka tura wa dillalin sauran layi biyun ya gwada mana a allonsa. Bidiyon farko da ya dawo, akwati ne zaune a tsakiyar "baƙi". Sai da muka aika masa da wani zubin haruffa sa'an nan ƙugiyar ta fito, ita ma sai da aka ƙara girman rubutun.

Har yanzu bai sayi allon ba. Da ya haɗa kuɗin kaya da na jirgin ruwa da na kwastan ya ce sai bayan Babbar Salla ya sake dubawa. Amma makon jiya ya turo mini hoton ƙofar sabon shagon. Ya kira mai fenti ya rubuta masa layi biyun a ƙarƙashin Turancin. Ya ce mai fentin ya tsaya ya tambaye shi ko lanƙwasar da ke kan k ɗin kuskuren biro ne, ya ce masa a'a, ya zana ta yadda ya gan ta.